Katin girafik na miliyan uku da wutar Katsina: me mai saye yake saye?

A watan Janairun 2025 kamfanin Nvidia ya fito da RTX 5090, katin girafik (na'urar da ke zana hoton da ake gani a allon kwamfuta) mafi ƙarfi cikin waɗanda yake ƙera wa masu buga gem da masu zane a kwamfuta. Farashin da ya yanka masa dala 1,999 ne. In aka lissafa dala a kan naira 1,500, an tasam ma miliyan uku ke nan, tun kafin a zo kan kuɗin jirgi, da na kwastan, da ribar wanda ya kawo shi daga Ikeja ko Dubai. A watannin farko ma ko a Amurka ba a samunsa a wannan farashi sai da ƙari mai tsoka. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, kuɗin kati ɗaya ya haura albashin wata 40.

Duk da haka ana tambayarsa a Katsina, shi da ƙannensa, kuma ba duk masu tambayar ne 'yan ƙarya ba. Akwai mai zanen gine-gine da yake son Alhaji ya ga gidansa da fenti da fitilu tun ba a aza bulo ɗaya ba. Akwai mai haɗa bidiyon biki da na hawan salla. Akwai ɗalibai a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da kwalejin Hassan Usman da suka kama koyon manhajar zane ta Blender a YouTube, laftof ɗinsu yana ta nishi. Sannan ga samarin da suka tashi a gidajen gem, yanzu sun samu abin hannu suna son haɗa tasu kwamfutar a gida. Dukkansu lamba ɗaya suke fara dubawa a jikin kwalin, wato sunan katin. Ni kuwa a ganina lambar da ta fi shafar mutumin Katsina ita ce wadda ake rubutawa ƙanana a gefe, ta wutar da katin yake ja: wat 575.

Amma bari mu fara da aikin da katin yake yi. Hoton da ke kan allo tarin ɗigo ne masu launi. Allon 1080p yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla miliyan 2 da 'yan kai. Na 1440p yana da kusan miliyan 3.7, na 4K kuwa miliyan 8.3, ninki huɗu na 1080p. A cikin gem, kowane ɗigo sai an lissafa masa launinsa: wane haske ne ya faɗo masa, akwai inuwa ko babu, ciyawa ce a wurin ko ƙarfe ko fatar mutum. Domin motsi ya tafi sumul kuma, ana son a maimaita wannan lissafi sau 60 a daƙiƙa ɗaya. A 4K wannan ya kai kusan ɗigo miliyan 500 duk daƙiƙa.

Furosesa, wato CPU, tana da ƙwayoyin lissafi kaɗan, 6 ko 8 ko 16, amma kowace gwana ce, tana iya aiki mai sarƙaƙiya wanda sai an gama wani sashe ake shiga wani. GPU da ke zuciyar katin girafik kuwa gayya ce: kowa da kunyarsa, ba wanda ke jiran wani, ba a buƙatar gwaninta mai yawa, yawa ake nema. RTX 4090 yana da irin waɗannan ƙananan ƙwayoyi 16,384, RTX 5090 yana da 21,760. Kuma kamar kowace gayya, in abinci bai iso bakin gona da wuri ba aiki ya tsaya. Shi ya sa katin yake da ma'ajiyarsa ta kansa, VRAM, a manne kusa da GPU ɗin. Ta 5090 GB 32 ce, kuma tana iya miƙa bayanai kusan GB 1,800 a daƙiƙa.

A 2018 Nvidia ta ƙara wani abu da jerin RTX 20: wasu sassa na musamman masu bin sawun haske, yadda yake fitowa daga fitila, ya daki bango, ya dawo kan tayil, ya shiga gilashi. A da wannan lissafi aikin masu haɗa finafinai ne, hoto ɗaya yakan ci sa'o'i. Wannan sashe ne ya haɗa mai buga gem da mai zanen gida a layi ɗaya wurin mai sayar da kati, alhali buƙatunsu sun sha bamban.

Mai buga gem

Shi kam allonsa ne ke yanke masa hukunci. Monita mai 60Hz hoto 60 kawai take nunawa a daƙiƙa, ko katin ya fitar da 300. Mafi yawan monitoci da talabijin da ke ɗakunanmu 1080p ne masu 60Hz, kuma wasannin da aka fi bugawa a nan, EA Sports FC da eFootball da GTA V, ba sa wahalar da katin tsaka-tsaki irin RTX 3060 ko RX 6600 a wannan girman. Wanda ya ɗora 5090 a kan irin wannan allo ya biya kuɗin aikin da idonsa ba zai taɓa gani ba. Ko da monitar mai sauri ce, a 1080p furosesa ce takan fara gajiya, katin ya zauna yana jiranta. Sai an hau 4K, an kunna bin sawun haske a wasa mai nauyi irin Cyberpunk 2077, sannan babban kati yake nuna abin da ya sa ya yi tsada.

Masu buga Warzone ko Fortnite da intanet kuma suna da wata matsalar da kati ba ya magani. Sabobin manyan wasanni suna nesa da mu, yawanci a Turai, kuma saƙo daga Katsina sai ya gangara Legas ya bi wayar ƙarƙashin teku. Jinkirin da ya haura milisakan 100 ba baƙon abu ba ne. Wanda ke Frankfurt ya riga ka harbi tun kafin kwamfutarka ta san ya fito daga lungu.

Akwai kuma tallar da ya kamata a saurara da kunne biyu. A taron baje kolin fasaha na CES a Las Vegas a Janairun 2025, shugaban Nvidia Jensen Huang ya ce RTX 5070 mai dala 549 zai ba da ƙarfin 4090 mai dala 1,599. Abin da ke ƙarƙashin maganar shi ne DLSS 4, dabarar da katin yake zana hoto ɗaya na gaskiya, sannan ya ƙirƙiro har guda uku ta hanyar hasashe ya cusa a tsakani. Lambar da ke kusurwar allo takan yi sama, motsi ya ƙara laushi, amma saurin da wasan yake amsa hannunka yana nan ɗaure da hotunan gaskiya. Dabarar tana da amfani, ba na musu. Sai dai gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna tazara mai faɗi tsakanin katunan biyu in aka kashe ta, kuma 5070 GB 12 gare shi, rabin na 4090. Ga mai zanen gida kuwa wannan hasashe ba ya ƙara masa komai.

Wanda ƙwallo kawai yake so ya buga da abokai, PlayStation 5 ta fito a 2020 a kan dala 499, kuma wutar da take ja a cikin wasa ba ta wuce wat 200 da 'yan kai ba. Nan maganarsa ta ƙare.

Mai rendarin

Nan ne babban kati yake iya biyan kuɗin kansa. Rendarin shi ne aikin da kwamfuta take yi na mayar da zanen gida ko na katun ya zama hoto ko bidiyo kammalalle, da haskensa da inuwarsa. A nan ba a gaggawar hoto 60 a daƙiƙa. Hoto ɗaya na iya cin minti 2 ko minti 40. Ɗauki bidiyon zagaya gida na minti ɗaya, mai hoto 30 a daƙiƙa: hotuna 1,800 ke nan. In kowane yana cin minti 2, aikin sa'a 60 ne. In kati ya sauko da shi daƙiƙa 30, ya koma sa'a 15. Wanda aka ce masa gobe da la'asar Alhaji zai wuce Abuja kuma yana son ya gani kafin ya tafi, ya san me wannan bambanci yake nufi. Kuma kowace sa'a da aka rage, sa'a ce ta fetur ko ta batir.

Sai dai gudu ba shi ne abu na farko ba, VRAM ce. Duk abin da ke cikin zanen, bango da kujeru da bishiyoyi da hotunan da aka lulluɓe su da su, sai ya shiga ma'ajiyar katin kafin a fara aiki. In bai shiga ba, ko dai manhajar ta tsaya cak ta ce wuri ya ƙare, ko ta riƙa ara daga RAM ɗin kwamfuta, aiki ya koma tafiyar hawainiya. Bishiyoyi da ciyawa su ne manyan masu cin wuri. Zanen rukunin gidaje 50 da lambunsu yana iya cinye GB 8 tun ba a sa motoci ba. Shi ya sa tsohon RTX 3090 na 2020 mai GB 24 har yanzu yake da daraja a kasuwar na hannu, kuma RTX 3060 mai GB 12 yake iya buɗe aikin da RTX 4060 mai GB 8 zai kasa, duk da na biyun ya fi shi gudu kuma ya fi shi sabunta.

Abu na biyu shi ne manhajar da kake aiki da ita. Tun wajen 2007 Nvidia ta buɗe CUDA, hanyar da masu rubuta manhaja suke sa katinta ya yi lissafin da ba na gem ba, kuma shekaru suka yi ta taruwa a kanta. Manhajar rendarin ta Octane a kan Windows sai da katin Nvidia, takwararta V-Ray ma ta daɗe a haka in za a yi rendarin da GPU. Blender, wadda kyauta ce, tana karɓar Nvidia da AMD da Intel da Apple, amma a injinta na Cycles katunan RTX ne ke gaba saboda OptiX, fasahar Nvidia ta bin sawun haske. AMD tana da kaya masu kyau: RX 7900 XTX mai GB 24 ya fito a ƙarshen 2022 a kan dala 999, RX 9070 XT mai GB 16 ya biyo baya a Maris 2025 a kan dala 599, kuma ga mai gem ciniki ne mai kyau. Mai zanen gida dai ya fara duba shafin manhajarsa ya ga wane kati take so, sannan ya je kasuwa.

Mai haɗa bidiyo shi buƙatarsa ta fi sauƙi. Manhajojin Premiere Pro da DaVinci Resolve suna amfani sosai da wani ƙaramin sashe na katin mai buɗe bidiyo da matse shi, kuma wannan sashe yana nan har a katunan tsaka-tsaki. Inda ake samun cikas shi ne sababbin kyamarorin Sony da Canon masu ɗaukar H.265 na 10-bit 4:2:2. Katunan Nvidia ba su iya buɗe wannan da kansu ba sai a jerin RTX 50, alhali furosesoshin Intel na baya-bayan nan da kwamfutocin Apple masu M sun riga su. Mutum na iya mallakar 4090 bidiyonsa yana sarƙewa, maƙwabcinsa mai ɗan ƙaramin Mac mini yana yanka nasa lafiya lau da wutar da ba ta kai wat 100 ba.

Tsadar kuwa tana da tarihi. Nvidia da AMD ba su da masana'antar ƙera GPU; zanawa suke yi, galibi kamfanin TSMC na Taiwan ya ƙera, sannan irin su ASUS da MSI da Gigabyte da Zotac su ɗora shi a kan farantin katin su sa masa fanka. A 2020 da 2021 masu haƙar Ethereum, kuɗin intanet da ake samu ta hanyar sa katuna su yi ta lissafi, suka wawashe katunan duniya, farashi ya ninka, har zuwa Satumban 2022 da Ethereum ta daina amfani da haƙa. Kafin a numfasa sai ga guguwar ƙirƙirarriyar basira, wadda tun 2012 aka ga alamarta, lokacin da masu bincike a Jami'ar Toronto suka horar da manhajar gane hotuna ta AlexNet da katunan gem guda biyu, GTX 580. A shekarar kuɗi ta 2025 Nvidia ta samu kusan dala biliyan 130. Sama da biliyan 115 daga manyan cibiyoyin ajiyar bayanai suka fito, gem bai kawo fiye da biliyan 11 da 'yan kai ba. Mai gem ya zama ƙaramin kwastoma a shagon da shi ya gina. A namu ɓangaren kuma, naira da take kusan 460 a dala kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo.

Wuta, zafi da ƙura

Katin 5090 shi kaɗai wat 575 ne. Ƙara furosesa mai ƙarfi, da fankoki, da monita, an doshi wat 800 in ana cikin aiki. Nvidia da kanta fawa sufulai, wato akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, mai wat 1,000 take ba da shawara. Ƙaramin janareta irin na masu shago, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ya fita daga lissafi tun a nan.

Wanda yake layin Band A na KEDCO, inda tun Afrilun 2024 yunit ya haura naira 200, in ya yi sa'a 8 yana aiki ya sha yunit 6.4, kusan naira 1,300 a rana, kusan 40,000 a wata. Ga mai samun kuɗi da aikin wannan ba tashin hankali ba ne. Tashin hankalin yana wurin batir. Batir mai 12V da 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda, amma irin na ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko. Guda biyu ke nan suna ba ka wat-awa 2,400 na amfani. Kwamfuta mai jan 800 za ta cinye su cikin ƙasa da sa'a 3, in aka cire abin da inbata ke ɓatarwa. Wadda aka haɗa da RTX 4060 mai wat 115, duka-duka ba ta wuce 300 ba, za ta kai sa'a 7. Rendarin da ya fi dacewa a bar shi ya kwana yana yi, shi ne wanda sola ba ta taimakonsa, domin da dare babu rana. Kuma wanda ya ga Oktoban 2024, lokacin da mafi yawan Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu, ya san ba a gina sana'a a kan wutar gwamnati kaɗai. Saboda haka duk wanda zai sayi kati na miliyan uku, ya ajiye wasu miliyoyin a gefe na inbata mai tsabtatacciyar wuta, da batirin litiyam, da faifan sola.

Ingancin wutar ma abin dubawa ne. Manyan katuna sukan fizgi wuta sama da lambarsu na ɗan ƙiftawar ido, abin da kan sa fawa sufulai mai rauni ya kashe kwamfuta a tsakiyar aiki. Ƙa'idar ATX 3.0 an yi ta ne domin jure wannan. Sannan ga filogin nan mai ɗaukar wat 600 da ya zo da 4090 a 2022, wanda aka yi ta ganin hotunansa a narke. Wat 600 a kan 12V amfiya 50 ne, suna bi ta siraran wayoyi shida. Nvidia ta ce yawanci rashin tura shi ne har ƙarshe, an kuma sake masa fasali, amma an sake samun rahotannin narkewa a 5090. A tura shi har ya yi ƙas, kada a lanƙwasa wayar a bakin filogin, kuma a guji adafta mai arha. In kwamfuta tana ɗan jan hannu in an taɓa ƙarfenta, gidan ba shi da wayar da ke sauke wuta ƙasa; a kira mai gyaran wuta kafin damina ta zo da tsawa.

Duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa, ba ta da wata mafita. Wat 800 a soket, wat 800 na zafi ne a cikin ɗaki. Masu gwada katuna a YouTube suna yi ne a ɗakunan da ba su wuce digiri 22 ba. In suka ce kati ya tsaya a 70, to a ɗakin da ya kai 40 a watan Afrilu ka ƙara masa kusan wannan tazarar, ya doshi inda zai fara rage gudu da kansa domin kada ya lalace. Ka ga an biya kuɗin gudu, bazara ta karɓe wani kaso. A sa AC kuma, an ƙara wa inbata wani wat 800 ko fiye.

Akwai dabara mai sauƙi da na fi ganin hikimarta a irin garinmu: a rage wa katin iyakar wutar da zai ja, da manhaja irin MSI Afterburner. Kamfanoni suna tura katunansu har ƙarshen ƙarfinsu domin su yi fice a gwaji, kuma wat ɗin ƙarshe su ne mafi ƙarancin amfani. 4090 da aka sauke daga wat 450 zuwa wajen 330 abin da yake rasawa na gudu kaɗan ne, zafi da ƙara kuwa su ragu sosai.

Ƙurar hunturu ita kuma tana shiga tsakanin siraran ƙarafan da ke fitar da zafi ta toshe su. Kada a ajiye kwamfuta a ƙasa, a sa mata rariyar ƙura, a riƙa hure ta da buluwa, kuma a riƙe fanka da yatsa lokacin hurawa domin kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta.

Sunayen katunan su ma suna ruɗi, wani lokaci kamar da gangan. RTX 4090 na laftof ba 4090 na tebur ba ne: GPU ɗinsa irin na 4080 ne, GB 16 gare shi, kuma wutarsa ba ta wuce wat 175 ba. RTX 3060 akwai mai GB 12 akwai mai GB 8, RTX 5060 Ti akwai mai 16 akwai mai 8, suna ɗaya. Ga mutumin Katsina dai laftof mai RTX ba abin rainawa ba ne, tunda ya zo da batirinsa kuma ƙaramar inbata ta ishe shi. Masu sayen tsofaffin kwamfutocin ofis na HP da Dell domin su ƙara musu kati kuwa, su sani fawa sufulai ɗinsu yawanci bai wuce wat 300 ba, kuma ba shi da filogin kati. Ramin da ake soka kati a madabod wat 75 kawai yake bayarwa, saboda haka iyakarsu irin GTX 1650 ko RTX 3050 mai GB 6. Babban kati ma tsawonsa ya haura santimita 30, ba zai shiga akwatin ba.

Mafi yawan masu saye a nan na hannu za su saya, daga Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko a aiko musu daga Computer Village ta Ikeja a mota. Da yawa daga cikin katunan RTX 30 da ke yawo sun yi haƙar Ethereum dare da rana. Wannan kaɗai bai kashe kati ba, amma yakan gajiyar da fanka ya busar da abin da ke ɗebe zafin VRAM, musamman a 3090 da ke da rabin ma'ajiyarsa a bayan katin. Akwai kuma jabu: tsohon GTS 450 da aka sauya masa suna ya koma GTX 1050 Ti, da 4090 da aka ciro masa GPU da VRAM aka mayar da murfi. Garantin katin da aka sayo a Amurka ko Dubai kuwa sai an mayar da shi can da kuɗin mai shi. Saboda haka a gwada a gaban mai kaya kafin kuɗi ya fita: a buɗe manhajar GPU-Z a ga sunan GPU da yawan VRAM sun dace da na shafin kamfanin, a kunna FurMark ko wani rendarin mai nauyi na aƙalla rabin sa'a ana kallon zafin GPU da na VRAM, a lura ko ɗige-ɗige masu launi za su fito a allo, a jona waya a kowace kafa ta HDMI da DisplayPort. In mai shago ya ce, “Haba Malam, ai babu wuta yanzu, ka tafi da shi in da matsala ka dawo,” a saya masa litar fetur a tayar da janareta a gwada a nan.